Doguwar mota mai gudun tsere: me ya sa ake rububinta?

Wace irin mota ake nufi?

Duk wanda ya taɓa hawa mota daga tashar Birnin Kebbi zuwa Jega ko Yauri ya san doguwar fijo, wadda rufinta ya zarce har baya don ɗaukar kaya da iyali. To, irin wannan jikin ne wasu kamfanonin Turai suka sa wa injin motar tsere. Ka gan ta kamar ta kai yara makaranta, amma in ta miƙe a kwalta sai dai ka hangi ƙurarta.

Wacce ce ta fi suna?

Audi RS2 Avant. An ƙera ta daga 1994 zuwa 1995, kuma kamfanin Porsche ne ya haɗa ta a masana'antarsa da ke Stuttgart a Jamus. Injinta silinda biyar ne da turbo (na'urar da ke ƙara cusa iska cikin inji don ƙara masa ƙarfi), ƙarfin doki 315, ƙafafu huɗu duk suna ja. Ba a yi fiye da 3,000 ba. BMW M5 Touring ta 1992 zuwa 1995 ta fi ta ƙaranci, guda 891 kacal. Ni dai wadda ta fi burge ni ita ce Volvo 850, domin a 1994 an shigar da ita gasar tseren motoci ta Birtaniya da jikinta na motar kaya, tana goga kafaɗa da ƙananan motoci.

Me ya sa kuɗinsu ke hawa?

Tun farko kaɗan aka yi, saboda mai neman gudu bai cika sayen doguwar mota ba. Waɗanda aka yi kuma aiki ya cinye da yawa. Sannan dokar Amurka ta yarda a shigo da motar waje idan ta cika shekara 25, don haka daga 2019 masu saye daga can suka shigo kasuwar RS2.

Idan na ci karo da irinta cikin motocin Kwatano fa?

Fara duba lambar shasi da ta inji, ka ga ko sun yi daidai da takardu. Abin da ke kashe darajar irin wannan mota a wajenmu shi ne sauya inji da sake fenti da zarar ta fara ciwo. Ko fijo 504 ɗin da aka haɗa a Kaduna, yau da wuya ka samu wadda ba a taɓa sauke injinta ba, kuma irinta ce masu tara tsofaffin motoci ke tambaya.