Bado da Gauraka

Bado tsiro ne mai fure da ke shimfiɗa faffaɗan ganyensa a kan ruwa, gauraka kuwa tsuntsu ne mai dogayen ƙafafu da tukkun gashi ruwan zinariya a ka. Fadamu da tabkunan Afirka ne suka haɗa su.

Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya raɗa wa dukansu sunan kimiyya. A 1753 ya kira bado Nymphaea lotus, sunan da ake amfani da shi har yau. Danginsa, Nymphaeaceae, yana cikin rassan da suka fara rabuwa da sauran tsirrai masu fure tun da daɗewa. Furensa fari ne, da daddare yake buɗewa, ya tsuke idan rana ta ɗaga.

Gauraka kam sai da ya sauya gida. A 1758 Linnaeus ya jera shi tare da zalɓe, ya sa masa Ardea pavonina. Ba abin mamaki ba ne, domin daga nesa sun yi kama. Amma zalɓe kan naɗe wuyansa idan yana tashi, gauraka kuwa miƙe shi yake yi. Yanzu sunansa Balearica pavonina, cikin dangin Gruidae mai nau'i 15. Doguwar yatsarsa ta baya ce ke ba shi damar kama reshe ya kwana a bishiya, abin da yawancin danginsa ba sa iyawa.

A fannin kariya ne tazarar ta fi fitowa. Ƙungiyar IUCN, mai kula da kare halittu a duniya, ta sa bado cikin halittun da ba a fargabar ƙarewarsu. Idan tabki ya ƙafe, saiwarsa kan yi kwance cikin laka har ruwa ya dawo. Gauraka ba shi da wannan dabara. A cikin ciyawar fadama yake sheƙa, don haka da zarar an janye ruwa domin noma, ko dabbobi sun tattake wurin, ƙwan wannan shekarar ya tafi. Ga kuma masu kama shi da rai suna sayarwa don ado a gidaje. Tun 2010 IUCN ke lissafa shi cikin masu fuskantar barazana, sannan a taron CITES, yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin dabbobi da tsirran daji, na 2019 a Janiba aka mayar da shi jeri na ɗaya na yarjejeniyar, wanda ya haramta cinikin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe.