Shin da gaske ne sabuwar dokar Indonesiya za ta ɗaure masu yawon buɗe ido a Bali?

Tun ranar 6 ga Disamba, 2022, da majalisar dokokin Indonesiya ta amince da sabon kundin hukunta laifuka, ake ta yaɗa cewa duk namiji da macen da suka kama ɗaki ɗaya a otal a tsibirin Bali ba tare da takardar aure ba, 'yan sanda za su yi awon gaba da su. Maganar ta ɗan lafa, sai ta sake tashi da kundin ya fara aiki ranar 2 ga Janairu, 2026, har wasu na cewa harkar dare a Kuta da Seminyak da Canggu, wuraren shaƙatawar baƙi a Bali, ta mutu, wasu kuma na cewa shari'ar Musulunci aka kafa. Wannan na ƙarshe ruɗani ne da lardin Aceh, wanda shi ne ke da dokokinsa na shari'a da hukuncin bulala. Bali kuwa akasarin mutanenta mabiya addinin Hindu ne.

Dokar ta hau kan kowa da ke cikin ƙasar, ɗan ƙasa da baƙo. Sashe na 411 ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba, ko tarar da ba ta wuce rupiya (kuɗin Indonesiya) miliyan 10 ba, ga wanda ya sadu da wanda ba mijinta ko matarsa ba, sashe na 412 kuma ya tanadi ɗaurin wata shida ko irin wannan tara ga masu zaman daduro. Har a tsohon kundin da aka gada daga Turawan mulkin mallaka na Holan, zinar mai aure laifi ce da ke jawo ɗaurin wata tara, don haka abin da ya ƙaru shi ne shigar da marasa aure.

Inda masu jita-jita ke tsallakewa shi ne sharaɗin kai ƙara. Ba a gurfanar da kowa a kan waɗannan sassa biyu sai an sami mai ƙorafi, kuma dokar ta ƙayyade waɗanda ke da wannan hurumi: miji ko mata ga mai aure, iyaye ko 'ya'ya ga marar aure. Maƙwabci ba shi da bakin magana, haka ma mai otal, haka ma ɗan sandan da ke sintiri a bakin teku, kuma mai ƙarar yana iya janyewa matuƙar ba a fara sauraron shari'ar ba. Gwamnan Bali, Wayan Koster, ya fito tun a Disamban 2022 ya ce ba za a tambayi kowa shaidar aure ba lokacin kama ɗaki. Baƙi biyu da suka zo tare daga wata ƙasa ba za a gurfanar da su ba, sai dai idan mahaifin ɗayansu ne ko matarsa ta kai ƙara gaban hukumar Indonesiya, abin da ba kasafai zai faru ba.

Amma fa ƙofar ba a rufe take ruf ba. A ɗauka baƙo ya haɗu da wata 'yar ƙasa a gidan rawa da ke bakin teku a Canggu, suka wuce masaukinsa, alhali iyayenta na nan Denpasar, babban birnin Bali, ko kuma tana da mijin da ba ta ambata ba. Washegari mahaifin ko mijin yana da cikakken hurumin zuwa ofishin 'yan sanda, kuma fasfo ba zai fitar da baƙon ba. A nan ne ni nake ganin dokar ta karkata, domin an kwantar wa mai zuwa da dala hankali, an bar nauyin a wuyan 'yan ƙasa, musamman mata, kuma ƙarar da ake iya janyewa tana iya zama sandar tatsar kuɗi a hannun dangin da ba su da tsoron Allah.

Sassan da suka fi kusa da mai fita dare ma ba su ne ake magana a kansu ba. Wanda ya bugu a bainar jama'a har ya tayar da hankali ko ya jefa wani cikin haɗari zai iya biyan tarar da ta kai rupiya miliyan 10, haka ma mai damun maƙwabta da hayaniya cikin dare, shi kuma mai sayar da giya ga wanda ya riga ya bugu zai iya shan ɗaurin shekara ɗaya. Miyagun ƙwayoyi kuwa, da ake tallata wa baƙi a raɗa a lungunan Kuta, hukuncin safararsu yana kaiwa ga kisa, kuma a Afrilun 2015 an zartar da hukuncin kisa ta hanyar harbi a kan 'yan Ostareliya biyu da aka kama a Bali tun 2005 bisa laifin safarar ƙwayoyi.