Waiwaye: Mehrub Awan da doguwar taƙaddamar mata-maza a Pakistan

A watan Agustan 2022 wata makarantar kuɗi a birnin Lahore ta shirya taron jawabai na TEDx, ta sa sunan Dakta Mehrub Moiz Awan cikin masu jawabi. Ana dab da taron sai aka cire sunan, aka ce iyayen ɗalibai ne suka koka. Wata fitacciyar mai zanen tufafin mata ta fito a Instagram ta goyi bayan cirewar, Mehrub ta mayar da martani, kafin a ankara magana ta bar harabar makaranta ta zama rigimar ƙasa baki ɗaya a kan dokar kare haƙƙin mata-maza da majalisa ta zartar shekara huɗu kafin nan. Wanda bai san daga inda aka faro ba zai ɗauka cacar baki ce irin ta intanet. Abin ya girmi intanet nesa ba kusa ba.

Mehrub na cikin al'ummar da ake kira khwaja sira a Pakistan. Galibinsu an haife su an raɗa musu sunan maza, amma sun tashi suna rayuwa irin ta mata, wasu kuma an haife su ne da halittar da ba ta bayyana namiji ko mace ba. A zamanin daular Mughal, ta sarakunan Musulmi da suka mulki yankin Indiya, suna da gurbi a fada: su ke tsaron sashen matan sarki, wasunsu har sun riƙe muƙamai da dukiya. Waɗanda ke wajen fada kuwa suna zaune rukuni-rukuni a ƙarƙashin shugaba da ake kira guru, almajiransa kuma chela. Suna zuwa gidan haihuwa da gidan biki su yi waƙa, su yi addu'a, a sallame su da kyauta, domin mutane da dama sun yi imani addu'arsu ba ta faɗuwa ƙasa.

Turawan Ingila ne suka mayar da wannan rayuwa laifi a rubuce. Dokar ƙabilun masu laifi ta 1871 ta ware musu sashe guda: a yi musu rajista a ofishin 'yan sanda, duk wanda aka kama cikin kayan mata ko yana rawa a bainar jama'a zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara biyu, an hana su riƙon yaro, an hana su yin wasiyya. Daga baya an soke dokar, amma kallon da ta koya wa ɗan sanda da malamin asibiti bai tafi tare da ita ba. Pakistan ta samu 'yanci a 1947 ta gaji jama'ar da aka riga aka tura gefe, sana'ar da ta rage wa mafi yawansu ita ce bara a kan titi, rawa a biki, ko karuwanci. Iyali sukan kori yaro tun yana ɗan shekara goma sha, gidan guru ya zame masa uwa da uba, da daɗinsa da ɗacinsa, domin akwai guru masu riƙo da amana, akwai kuma masu tatsar almajiransu.

Sauyi na farko daga kotu ya zo. A 2009 'yan sanda suka kai samame wurin wani biki a Taxila suka kama khwaja sira da ke rawa. Wani lauya masanin shari'ar Musulunci, Muhammad Aslam Khaki, ya kai ƙara Kotun Ƙoli, wadda Iftikhar Muhammad Chaudhry ke jagoranta a lokacin. A jerin umarnin da suka biyo baya kotun ta ce 'yan ƙasa ne kamar kowa: a ba su katin shaida, a sa su cikin rajistar zaɓe, a ba su gadonsu. A zaɓen 2013 Bindiya Rana, ɗaya daga cikinsu, ta tsaya takara a Karachi. Ba ta ci ba, amma sunanta ya hau takardar ƙuri'a.

Sai dai umarnin kotu bai isa ɗakin marasa lafiya ba, kuma nan ne labarin ya fi taɓa zuciya. A watan Mayun 2016 wani mutum ya harbi Alisha, matashiya 'yar shekara ashirin da 'yan kai, jami'a a ƙungiyar TransAction ta lardin Khyber Pakhtunkhwa. Ƙawayenta suka garzaya da ita asibitin Lady Reading da ke Peshawar. A cewarsu, an ɓata sa'o'i ana jayayyar ɗakin da za a kwantar da ita, na maza ko na mata, wasu da ke wurin kuma suna yi musu ba'a. Abokan gwagwarmayarta suka riƙa wallafa halin da ake ciki a Facebook tun tana da rai, har ta cika bayan 'yan kwanaki. Mutum na zubar da jini ana tambayar jinsinsa kafin a tambayi inda harsashi ya shiga. Babu mazhabar da ta koyar da haka, babu kuma uzurin da zai wanke shi.

Wata guda bayan rasuwarta, malamai kusan 50 a Lahore suka fitar da fatawa. Suka ce haramun ne a wulaƙanta mata-maza ko a hana su gado, kuma idan sun mutu a yi musu sallah kamar kowane Musulmi. A 2017 aka ba Farzana Jan fasfo mai alamar X a gurbin jinsi, ƙidayar jama'a ta wannan shekara kuma ta lissafa su a karon farko, sakamakonta na wucin gadi ya nuna 10,418, adadin da ƙungiyoyinsu suka ce bai ko kusa da gaskiya ba, tunda da yawa ba za su faɗa wa baƙon da ya zo da takarda ko su wane ne ba. A watan Mayun 2018 majalisa ta zartar da dokar kare haƙƙinsu. Ta haramta nuna musu bambanci a makaranta, wurin aiki da asibiti, ta fayyace rabon gado, sannan ta ba mutum damar ya yi rajista a hukumar katin shaida ta NADRA da jinsin da yake ji shi ne nasa, ba tare da ya bi ta hannun likita ba. A shekarar ce Marvia Malik ta fara karanta labarai a tashar Kohenoor, Nayyab Ali kuma ta nemi kujerar majalisar tarayya.

Mehrub 'yar wannan sabon zamani ce, kuma hanyarta ta bambanta da ta magabatanta. Ba daga gidan guru aka fara saninta ba. Ta yi karatu mai zurfi, har da na manufofin kiwon lafiya a Jami'ar George Washington ta Amurka da tallafin Fulbright. 'Yan Pakistan sun fara saninta ne da barkwanci, a gajerun bidiyo inda take fitowa a matsayin Shumaila Bhatti, wata budurwa mai surutu da ke caccakar munafuncin masu hali da iyayen miji. Mutane sun yi dariya sun yaɗa. Da ta fito fili ta ce ita khwaja sira ce, ta koma magana a kan doka da tarihi da mulkin mallaka cikin Urdu da Turanci, sai wani sashe na masu kallon ya juya mata baya. Abin da ya fi tayar wa abokan hamayyarta hankali, a ganina, shi ne ba ta zo neman tausayi ba. Al'umma ta saba da mata-maza mai miƙa hannu a bakin danja. Wadda za ta zauna a talabijin ta warware sashen doka ɗaya bayan ɗaya, ba a saba da ita ba.

Masu adawa da dokar ma suna da hujjarsu, kuma ya kamata a faɗe ta yadda take. Mushtaq Ahmad Khan, Sanata na jam'iyyar Jamaat-e-Islami a lokacin, wanda ya ja gaba, ya ce fiƙihu ya san wanda aka haifa da halitta mai ruɗani, ya kuma tanadar masa hukunci, amma bai san namiji cikakke ya wayi gari ya ce shi mace ne ba. Ya nemi a kafa kwamitin likitoci da zai duba mutum kafin a sauya masa kati, yana gargaɗin cewa in ba haka ba za a buɗe ƙofar auren jinsi da wasa da rabon gado. Su Mehrub suka amsa cewa dokar ba ta ambaci aure ba ko sau ɗaya, ƙa'idojin aiwatar da ita kuma katin X suke bayarwa, wanda ba a ɗaura aure da shi. Suka ƙara da cewa tilasta wa talaka ya tuɓe gaban kwamiti kafin ya samu katin ɗan ƙasa maimaita rajistar 1871 ne da sabon suna. Muhawara ce da za a iya yi cikin mutunci. Ba a yi ta haka ba. A intanet aka riƙa yaɗa hotunan masu fafutuka da sunayensu ana kiransu maƙiya addini, a ƙasar da irin wannan zargi kan iya jawo kisa. Wayar da ta ba su murya ita ce ta nuna wa masu neman su fuskarsu da unguwarsu.

A watan Nuwamban 2022 Mehrub da abokiyar gwagwarmayarta Shahzadi Rai da wasu suka jagoranci tattakin Sindh Moorat a Karachi, ɗaruruwan khwaja sira suka fito da rana tsaka suna neman a bar dokar. A Fabrairun 2023 'yan bindiga suka buɗe wa Marvia Malik wuta a kusa da gidanta a Lahore, Allah Ya kuɓutar da ita. Ranar 19 ga Mayun 2023 Kotun Shari'ar Musulunci ta Tarayya ta yanke hukunci cewa sassan dokar da suka ba mutum ikon ayyana jinsinsa, da wanda ya shafi gado, sun saɓa wa Musulunci. NADRA ta dakatar da bayar da katin X na wasu watanni, daga baya ta ci gaba, bayan masu fafutuka sun ɗaukaka ƙara zuwa sashen shari'ar Musulunci na Kotun Ƙoli; tsarin mulkin ƙasar ya tanadi cewa irin wannan hukunci ba ya fara aiki muddin ƙara na gaban kotun sama.

A tsakiyar wannan dambarwa, makonni kaɗan bayan hukuncin, aka rantsar da Shahzadi Rai da Chandni Shah a majalisar birnin Karachi, a kujerun da dokar ƙananan hukumomi ta lardin Sindh ta ware wa mata-maza. Ƙidayar 2023 kuma ta lissafa mata-maza sama da 20,000 a faɗin ƙasar.