Darasin Gabatarwa ga Ilimin Halayyar Ɗan Adam

Darasin gabatarwa ga ilimin halayyar ɗan Adam, wanda ɗalibai kan kira saikoloji a taƙaice, shi ne matakin farko da ake koya wa wanda bai taɓa karanta fannin ba. Yawanci zango ɗaya yake ɗauka, a shekarar farko ta jami'a ko kwaleji. Abin da yake nazari shi ne yadda mutum yake gani da ji, yadda yake koyo da tunawa da mantuwa, da yadda halinsa yake ginuwa daga yaye zuwa tsufa. Sabon ɗalibi kan shigo aji da zaton za a koya masa karanta zuciyar mutane, ko kuma maganin taɓin hankali. Ko ɗaya ba haka ba ne. Aikin darasin shi ne ya koya masa auna maganar da ake yi a kan hali kafin ya yarda da ita.

A Zariya galibin masu haɗuwa da shi ɗaliban koyon aikin malanta ne. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da sashen saikolojin ilimi da ba da shawara a Tsangayar Ilimi da ke Samaru, sannan ga makarantar horar da malamai da aka daɗe ana kira FCE, ita ma tushenta 1962. Masu karatun jinya da likitanci su ma sukan ɗan taɓa shi. Sashen saikoloji na farko mai cin gashin kansa a Najeriya kuwa a Jami'ar Nsukka aka buɗe shi, a 1964.

Asali

Malamai sukan fara da shekarar 1879, lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Leipzig ta ƙasar Jamus, ya raba nazarin hankali da falsafa. Amma tunani a kan rai da damuwarsa ya girmi Wundt nesa ba kusa ba. Abu Zaid al-Balkhi, wani masani Musulmi da ya rasu a 934, ya yi rubutu a kan baƙin ciki da tsoro da waswasi, har ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke sauko wa mutum haka kawai. Sigmund Freud shi ne sunan da kowa ya sani, sai dai da yawa daga ra'ayoyinsa ba su gwaduwa, don haka a yau an fi karanta shi a matsayin tarihi.

Koyo da tunawa

Nan ne darasin ya fi armashi, domin ɗalibi yana iya gwada kusan komai a tsakar gidansu. Ivan Pavlov na Rasha, wanda ya ci kyautar Nobel a 1904 saboda bincikensa kan narkewar abinci, ya lura karnukansa suna zubar da yawu tun kafin abinci ya iso, da zarar sun ji alamar da suka saba ji tare da shi. Duk mai kiwon kaji ta san wannan: ta kaɗa kwanon tsaba, ko da babu komai a ciki, kaji su rugo. Haka yaron da aka yi wa allura sau biyu zai fara tsala ihu da ya hango farar riga. B. F. Skinner na Amurka ya ƙara da cewa aikin da lada ya biyo bayansa yakan maimaitu, horo kuwa yakan danne aiki na ɗan lokaci ba tare da ya koya wa yaro abin da ya kamata ya yi ba. Ga malamin da zai shiga aji da bulala a hannu, wannan magana ce mai nauyi, kuma ba kowa ke karɓarta da daɗin rai ba.

A 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan mantuwa tana aukuwa ne jim kaɗan bayan karatu, kuma maimaici a rarrabe ya fi na zama ɗaya amfani. Alarammomin tsangaya ba su jira shi ba. Almajiri yana biya allonsa da asuba, ya sake da dare, ba a wanke masa sai ya zauna daram, sannan tilawa ta riƙa komawa baya don kada tsohuwar hadda ta zube. Ɗalibin da ke kwana a aji daren jarrabawa yana haɗiye littafi guda, kishiyar wannan yake yi. George Miller kuma, a 1956, ya ƙiyasta cewa abin da hankali ke riƙewa a lokaci guda bai wuce kamar guda bakwai ba. Shi ya sa lambar waya mai alƙaluma 11 ake karanto ta gunduwa-gunduwa.

Gado ko tarbiyya

Bahaushe ya riga ya yi wannan muhawara da kansa. Ya ce hali zanen dutse, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shi ne kuma ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Darasin ba ya zaɓar ɓangare. Yana nuna yadda ake bin tagwaye da 'ya'yan riƙo don a ga rabon kowanne, amsar da ke fitowa kuma ita ce duka biyun suna aiki, a cakuɗe. Jean Piaget na Suwizalan ya kasa girman tunanin yaro mataki huɗu. Gwajinsa mai sauƙi ne: a zuba kunu daidai wa daida a kofi biyu, a juye ɗaya cikin dogon kofi siriri a gaban yaro ɗan shekara huɗu, zai rantse na dogon ya fi yawa. Zuwa wajen shekara bakwai dariya zai yi.

Inda littafi ke tuntuɓe

Yawancin binciken da ke cikin littattafan an yi shi ne a kan Turawa da Amurkawa, sau da yawa ma ɗaliban jami'a. Uwar da ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ma'aunin da aka tsara a waje zai iya ɗaukarta marar shaƙuwa, alhali kunya ce, kuma kowa a gidan ya san hakan. Anthony Kirk-Greene, wanda ya koyar a Zariya, ya tattara siffofi goma na mutumin kirki a wajen Hausawa, ciki har da gaskiya, amana, haƙuri, kunya da mutunci. Malami mai basira kan ajiye su gefe da gefe da rabe-raben halin da ke cikin littafi, ɗalibai su ga inda suka dace da inda suka saɓa.

Babin ƙarshe yakan taɓo larurar ƙwaƙwalwa: damuwa mai tsanani, firgici, shaye-shaye. A nan ake bambanta masanin saikoloji, mai aiki da gwaji da tattaunawa, da likitan ƙwaƙwalwa, wanda ya yi karatun likita kuma yake rubuta magani. Akan ambaci Thomas Adeoye Lambo, wanda a 1954 ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama cikin jama'a tare da danginsu, har da haɗin gwiwar masu maganin gargajiya. Wanda ya gama zango ɗaya bai isa ya ce ga ciwon wani ba. Iyakarsa ya gane alamu, ya tura mutum asibiti, kamar na koyarwa da ke Shika ko na ƙwaƙwalwa da ke Barnawa a Kaduna.