Waiwaye: Yadda Kare Muhalli Ya Zama Maganar Tsaro a Siyasar Birtaniya

A ranar 30 ga Satumba, 2024, aka kashe injinan tashar Ratcliffe-on-Soar da ke tsakiyar Ingila, wadda ita ce tasha ta ƙarshe da ke ƙona kwal don samar da wutar lantarki a Birtaniya, shekara 142 bayan kunna irinta ta farko a Landan a 1882. Jam'iyyar Labour ce ke mulki a ranar, amma ba ita ta yanke wa kwal wa'adi ba. Gwamnatin Conservative ce ta sanar a 2015 cewa za a daina amfani da shi nan da 2025, daga baya kuma wata gwamnatin ta Conservative ta matso da ranar zuwa Oktoban 2024. Abin tambaya shi ne yadda aka yi jam'iyyu biyu da ba sa ga maciji da juna kan haraji da ƙungiyoyin ƙwadago da girman gwamnati suka yi kusan shekara ashirin bakinsu ɗaya kan wannan batu. Ƙaunar dazuzzuka da tsuntsaye ta taka rawa, sai dai abin da ya fi ɗaure su wuri guda shi ne tsoro, wato tsoron a wayi gari wutar ƙasar da ɗumin gidajenta suna hannun wani.

Wannan tsoro ya girmi maganar ɗumamar yanayi. A ƙarshen 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka rage fitar da shi, farashinsa ya ninka kusan sau huɗu, a daidai lokacin da masu haƙar kwal na Birtaniya ke takun saƙa da gwamnatin Edward Heath kan albashi. Daga watan Janairun 1974 aka taƙaita wa masana'antu da shaguna wuta zuwa kwana uku a mako, Heath ya kira zaɓe a watan Fabrairu yana neman jama'a su raba gardama tsakaninsa da ƙungiyar ƙwadago, ya kuma rasa kujerarsa. Margaret Thatcher minista ce a waccan gwamnati, kuma ba ta manta ba. Bayan ta zama firaminista, kafin yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985, wanda shugaban ƙungiyarsu Arthur Scargill ya jagoranta, sai da ta sa aka jibge kwal a tashoshin lantarki, ta yadda masu haƙar suka shekara ba sa aiki amma wuta ba ta ɗauke ba. Bayan an sayar da harkar lantarki ga 'yan kasuwa a 1990, sababbin kamfanoni suka yi rububin gina tashoshin iskar gas, wadda ake haƙowa da araha a Tekun Arewa, hayaƙin ƙasar kuma ya fara raguwa. Gaskiyar da ba kasafai masu fafutukar muhalli ke son ji ba ita ce, ragin farko mai yawa da Birtaniya ta samu ya fito ne daga rikicin siyasa da lissafin riba, ba daga wata manufa ta kare duniya ba.

Thatcher ɗin ce kuma, wadda ta karanta ilmin sinadarai a Jami'ar Oxford, ta zama ɗaya daga cikin shugabannin manyan ƙasashe na farko da suka ɗauki ɗumamar yanayi da muhimmanci. Ta yi jawabi a kai a gaban ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society a Satumban 1988, ta maimaita a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a Nuwamban 1989, sannan ta buɗe cibiyar binciken yanayi ta Hadley a 1990. Akwai lissafin ƙuri'a a ciki, domin a zaɓen majalisar Turai na 1989 jam'iyyar Green ta samu kusan kashi 15 cikin 100 na ƙuri'un Birtaniya, duk da cewa ba ta ci kujera ko ɗaya ba. Bayan ta sauka daga mulki Thatcher ta juya baya, ta riƙa ganin batun a matsayin ƙofar da masu son gwamnati ta mamaye komai ke neman shigowa ta ciki. Fuskokinta biyun nan har yau suna raye a jam'iyyarta, kowane ɓangare kuma na cewa shi ne magajinta na gaskiya.

Kalmar tsaro ta shiga maganar gadan-gadan ne tsakanin 2004 da 2008. Man Tekun Arewa ya kai ƙololuwarsa a 1999 ya fara ja da baya, kuma a 2004 Birtaniya ta koma sayen iskar gas daga waje fiye da yadda take sayarwa. A farkon 2004 ɗin babban mai bai wa gwamnatin Tony Blair shawara kan kimiyya, David King, ya rubuta cewa sauyin yanayi ya fi ta'addanci haɗari, maganar da ta tayar da ƙura ganin cewa sojojin ƙasar na Iraƙi a lokacin. A Janairun 2006 Rasha ta rufe wa Yukren bututun gas, ƙasashen Turai suka ji a jikinsu. A Oktoba kuma masanin tattalin arziki Nicholas Stern ya miƙa rahotonsa, inda ya ƙiyasta cewa ɗaukar mataki zai ci kusan kashi 1 cikin 100 na arzikin duniya a kowace shekara, zaman jira kuwa na iya cin kashi 5 zuwa 20. Daga nan sai ministar harkokin waje Margaret Beckett ta kai batun Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a Afrilun 2007, karon farko da kwamitin ya zauna a kansa, duk da ƙorafin Sin da Rasha da ƙasashe masu tasowa da dama cewa wannan ba hurumin kwamitin ba ne.

Amfanin wannan hujja a siyasance shi ne ba ta buƙatar mai sauraro ya zama ɗan fafutuka. Janar ɗin soja da ke tunanin fari da gudun hijira, da ma'aikacin baitulmali da ke lissafin kuɗin shigo da gas, da mai kamfanin inshora da ke biyan diyyar ambaliya, duk za su iya amincewa da ita ba tare da sun sauya ra'ayinsu kan jari-hujja ba. David Cameron, wanda ya karɓi ragamar Conservative a ƙarshen 2005 bayan jam'iyyar ta sha kaye sau uku a jere, ya ga dama a nan. A 2006 ya je tsibirin Svalbard na Norway aka ɗauki hotonsa da karnuka masu jan keken ƙanƙara, ya riƙa kuma matsa wa Labour lamba ta kawo doka. Sakamakon wannan gasa shi ne Dokar Sauyin Yanayi ta 2008, wadda Ed Miliband ya kammala a matsayin ministan makamashi. Dokar ta wajabta rage hayaƙi da kashi 80 cikin 100 nan da 2050 bisa ma'aunin 1990, ta kafa kwamitin masana mai zaman kansa, ta kuma tsara ƙayyade hayaƙin shekara biyar-biyar. A majalisar da ke da kujeru sama da 640, waɗanda suka ƙi ta ba su wuce biyar ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi cancanta a tsaya a kansa, domin a nan ne baki ya saɓa da aiki. Cameron ya hau mulki a 2010 cikin ƙawance da jam'iyyar Liberal Democrat, da alƙawarin gwamnatin da ta fi kowacce kula da muhalli, kuma gaskiya ne a zamaninsa aka kafa tsarin kwangilar tsayayyen farashi da ya sa injinan iska suka cika gaɓar tekun ƙasar. Amma da kuɗin wuta ya zama abin yaƙin neman zaɓe a 2013, sai aka zaftare tallafin gyaran gidaje, wato cusa abin riƙe ɗumi a bango da rufi, adadin gidajen da ake gyarawa ya faɗi warwas. A 2015 aka soke ƙa'idar gina sababbin gidaje marasa ɓarnar makamashi, aka kuma tsaurara dokar izini ta yadda kafa injinan iska a doron ƙasa a Ingila ya kusan gagara. A 2017 aka bari aka rufe Rough, rumbun ajiyar gas mafi girma a ƙasar. Duk wanda ya yarda da hujjar tsaro da zuciya ɗaya ba zai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, domin gidan da ke riƙe ɗuminsa ba ya buƙatar gas mai yawa ko daga ina ya fito. Matsalar ita ce gyaran rufi ba ya ba da hoto mai kyau kamar karnukan Svalbard.

A fagen diflomasiyya kuwa ba a ja da baya ba, kuma nan ne labarin ya taɓa yankinmu. A Maris ɗin 2017, lokacin da Birtaniya ke shugabantar Kwamitin Sulhu, wakilan kwamitin suka ziyarci Kamaru da Chadi da Nijar da Najeriya, suka kuma amince da ƙuduri mai lamba 2349, wanda ya ambaci sauyin yanayi cikin abubuwan da ke dagula zaman lafiya a yankin Tafkin Chadi. Firaminista Theresa May ta ɗaga burin dokar 2008 a Yunin 2019, ta yadda nan da 2050 hayaƙin da ƙasar ke fitarwa ba zai wuce wanda take iya zuƙewa ba. Magajinta Boris Johnson ya jagoranci zaman Kwamitin Sulhu kan batun a Fabrairun 2021, ya karɓi baƙuncin taron yanayi na duniya a Glasgow a Nuwamba. A Disamba Nijar da Ireland suka gabatar da ƙudurin da zai sa kwamitin ya riƙa kallon sauyin yanayi a matsayin barazanar tsaro, ƙasashe 12 ciki har da Birtaniya suka goyi baya, Indiya ta ƙi, Sin ta ƙaurace, Rasha ta hau kujerar naƙi.

Wata biyu bayan haka Rasha ta mamaye Yukren. Gas ɗin da Birtaniya ke saye kai tsaye daga Rasha bai kai kashi 5 cikin 100 ba, mafi yawan na waje daga Norway yake zuwa, sauran kuma ta jiragen ruwa daga ƙasashe irin su Amurka da Katar. Hakan bai cece ta ba, saboda kasuwa ɗaya ce ke yanke farashi, yawancin gidajen ƙasar da gas ake ɗumama su, kuma a tsarin kasuwar lantarkinta tasha mafi tsada da aka kunna ita ke tsayar da farashin sauran, wadda galibi ta gas ce. Kuɗin makamashin matsakaicin gida na shekara, wanda aka ƙayyade a fam 1,277 a Oktoban 2021, ya kai fam 1,971 a Afrilun 2022, an kuma sanar zai kai fam 3,549 kafin gwamnatin Liz Truss ta tsayar da shi a fam 2,500 da kuɗin baitulmali. An yi gaggawar sake buɗe wani ɓangare na Rough a Oktoba, amma ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga wannan lokaci kalmar tsaro ta rabu gida biyu. Wani ɓangare ya ce darasin shi ne a rabu da gas da sauri, ɗayan ya ce darasin shi ne a haƙo na gida. Truss ta ɗage haramcin fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa don tatso gas, ƙuri'ar da aka kaɗa a kai a ranar 19 ga Oktoba ta rikiɗe zuwa hargitsi a cikin jam'iyyarta, washegari ta yi murabus. Magajinta Rishi Sunak ya maido da haramcin, ya kafa ma'aikatar da ta haɗa tsaron makamashi da burin 2050 a suna ɗaya. Sai dai a Yulin 2023 jam'iyyarsa ta tsira da kujerar Uxbridge da ke Landan a zaɓen cike gurbi da ratar ƙuri'a 495, bayan ta yi kamfe kan harajin fam 12.50 a rana da magajin garin Landan Sadiq Khan ke shirin faɗaɗawa kan tsofaffin motoci. Cikin kusan wata biyu Sunak ya yi alƙawarin sababbin lasisin haƙo mai, ya ɗage hana sayar da sababbin motocin fetur daga 2030 zuwa 2035, aka kuma amince a haƙa sabuwar rijiyar mai ta Rosebank.

A ganina hujjar masu haƙa ta fi rauni, domin kamfanoni ne ke da man, suna sayar da shi a farashin duniya, mafi yawansa ma waje ake kai shi, rijiyoyin kuma sun tsufa. Amma ɗaya ɓangaren ma yana da tambayoyin da bai gama amsawa ba. Ranar da iska ta kwanta a tsakiyar hunturu dole a kunna gas. Faranten hasken rana da batura mafi yawansu daga Sin suke zuwa, ƙasar da aka cire kamfaninta daga aikin tashar nukiliya ta Sizewell C a 2022, don haka akwai yiwuwar a gudu gara a faɗa gidan zago. Ga kuma ma'aikatan Aberdeen, cibiyar harkar man Tekun Arewa, da na matatar Grangemouth, wadda ta daina tace mai a 2025, waɗanda tsaro a wurinsu yana nufin albashin ƙarshen wata.

Labour ta ci zaɓen Yulin 2024 da gagarumin rinjaye, bayan ta janye alƙawarin kashe fam biliyan 28 a shekara kan makamashi mai tsafta. Miliband ya koma tsohuwar kujerarsa, ya ɗage takunkumin injinan iska cikin 'yan kwanaki, ya kafa kamfanin gwamnati na Great British Energy, yana kuma kare shirin tsaftace lantarki nan da 2030 da sunan kuɓutar da ƙasar daga hannun masu mulkin kama-karya da ke juya kasuwar gas. Jam'iyyar Reform ta Nigel Farage, wadda ta ci kujeru biyar, tana neman a soke burin 2050 baki ɗaya, kuma tsoron rasa magoya baya gare ta ya ja Conservative zuwa wajenta. A Maris ɗin 2025 shugabar Conservative Kemi Badenoch ta ce burin ba mai yiwuwa ba ne, a Oktoba kuma ta yi alƙawarin soke dokar 2008, wadda jam'iyyarta ta taya haifa, abin da Theresa May ta fito fili ta yi tir da shi.

Ita ma Labour ta nuna iyakar hujjar a wurinta. A Satumban 2024 ministan harkokin waje David Lammy ya bayyana sauyin yanayi a matsayin barazanar da ta fi ta 'yan ta'adda zurfi. Wata biyar bayan haka Firaminista Keir Starmer ya sanar da rage tallafin da ake bai wa ƙasashen waje daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa domin ƙara kasafin soja, kuma daga wannan asusu ne ake fitar da kuɗin taimaka wa ƙasashe irin na Sahel su jure fari da ambaliya. Ministar raya ƙasashe, Anneliese Dodds, ta ajiye aikinta a makon.