GMO: me haruffan nan uku ke nufi, kuma me ya haɗa su da ƙaton tumatir?

Kwanan baya ina sauraron wani shirin rediyo na kiran waya, mai gabatarwa ya juya ga baƙonsa ya ce, "Ranka ya daɗe, kankanar nan da ba ta da 'ya'ya, da kajin gidan gona, da tumatirin nan ɓul-ɓul da ake kawowa kasuwa, ai duk GMO ne ko?" Baƙon bai ko yi numfashi ba ya ce, "Ƙwarai kuwa." Daga nan sai waya ta ɓarke, wannan ya ce shi ya sa ciwon ƙoda ya yi yawa, wancan ya ce ai dama an daɗe ana neman rage mu. A cikin abubuwa ukun da aka lissafa babu GMO ko ɗaya.

Tun da aka fito da masarar TELA, wata masarar GMO, a watan Janairun 2024 kalmar ta shiga bakin mutane, ta ƙara zafi a watan Mayun shekarar lokacin da Majalisar Wakilai ta nemi a dakata da shigo da irin waɗannan iraruwa sai an yi bincike. Yanzu ta zama kamar bakin buhu, kowa na zuba abin da ya ga dama. Duk abin da ya cika girma, ko ya nuna da wuri, ko ɗanɗanonsa bai yi kama da na gidan kaka ba, sai a ce GMO.

Haruffan na Turanci ne, kuma abin da suke nufi shi ne abu mai rai da aka sauya wa ƙwayoyin gado a ɗakin bincike. Wato sunan hanya ne, hanyar da aka bi aka samar da irin. Ba ya gaya maka girman abu, ko launinsa, ko daga wace ƙasa ya fito. Ka zuba waken GMO da waken gida a faranti ɗaya, ko dillalin da ya tsufa a Dawanau ba zai ware maka su da ido ba.

A Najeriya, zuwa 2024, amfanin gona uku ne irin wannan aka amince manomi ya shuka: auduga a 2018, wake mai suna SAMPEA 20-T a ƙarshen 2019, sai masarar TELA. Waken da masarar duk daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka fito, ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da haɗin gwiwar wata gidauniya mai suna AATF da ke Nairobi. Akwai hukuma ta musamman da aka kafa a 2015, NBMA, wadda ita ke ba da izini. Babu tumatir a ciki, babu kankana, babu kaza. Abin da ake shigowa da shi a gwangwani da kwali daga Amurka ko Brazil, mai ɗauke da waken soya ko masara, wannan wata magana ce daban, kuma abin mamaki ba shi ake yi wa ihu ba.

Inda abin ke ba ni haushi shi ne cakuɗa GMO da ingantaccen iri, musamman irin da ake samu ta hanyar haɗa jinsi biyu, wanda masu sayar da iri ke kira haibirid. Kusan duk ƙorafin da za ka ji a majalisar ƙauye game da "GMO" idan ka bi shi a hankali za ka tarar ƙorafin haibirid ne.

Baffana ya taɓa sayen irin masara na leda, ya shuka, ta yi kyau har maƙwabta na tsayawa kallo. Da kaka ya zaɓi manyan goyo ya rataye a ɗaki kamar yadda ya saba, damina ta zagayo ya shuka. Gona ta fito kamar 'ya'yan gidan haya: wannan dogo, wancan gajere, wani goyo biyu, wani ko ɗaya babu na kirki. Da na je gaishe shi bara, ana tsakiyar surutun nan, sai ya ce da ni, "Kai ɗan boko, ashe GMO ɗin nan ce ta cinye ni waccan shekarar." Na ce, "Baffa, Allah ya ba ka haƙuri, lokacin da ka shuka waccan masarar ko izinin GMO ba a bayar ba a ƙasar nan." Ya yi shiru, sannan ya ce to me ya kashe irin?

Ba abin da ya kashe shi. Haibirid ɗa ne na iyaye biyu da aka tsarkake kowannensu shekara da shekaru, sannan aka haɗa su. 'Ya'yan farko suna fitowa iri ɗaya, da ƙarfi fiye da iyayen. Amma idan ka shuka 'ya'yan 'ya'yan, halayen kakanni sai su watse, kowa ya ɗauko nasa. Wani limamin coci, Gregor Mendel, ya gano wannan lissafi da waken Turawa a lambunsa ya wallafa tun 1866, kuma manoman Amurka sun rungumi masarar haibirid tun shekarun 1930, da daɗewa kafin a san yadda ake taɓa ƙwayar gado. Bahaushe ma ai ya san haɗin jinsi. Alfadari ɗan jaki ne da goɗiya, ya fi jaki ƙarfi, ya fi doki juriya, ba ya kuma haihuwa, amma ban taɓa jin wanda ya kira shi makircin Turawa ba. Mangwaro mai aure ma haka: ka shuka ƙwallonsa, abin da zai fito ba lalle ya yi kama da uwar ba.

To ga inda ruɗanin ya samu gindin zama. Masarar TELA GMO ce kuma haibirid ce a lokaci guda. Don haka gaskiya ne manomi zai koma sayen iri kowace shekara idan yana son amfanin farko, amma dalilin haibirid ɗin ne. Shi kuwa waken SAMPEA 20-T, tunda wake furensa kansa yake yi wa barbara, ana iya ajiye irinsa a sake shukawa ya fito yadda yake. Batun iri mai kashe kansa, wanda ba ya tsira karo na biyu, yana da asali: an yi wa wata dabara irin wannan rajista a Amurka a 1998, duniya ta yi ca, aka dakatar da ita ƙarƙashin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2000, ba a kuma taɓa fito da ita kasuwa ba. Labarinta ne ya rayu, ita ba ta rayu ba.

Me aka saka wa waken? Akwai wata ƙwayar bakteriya da ke zaune cikin ƙasa, ana taƙaita sunanta da Bt. Wani Bajapane ya fara ganinta a 1901 tana kashe tsutsar siliki, wani Bajamushe ya sake gano ta a 1911, ya raɗa mata suna da sunan yankin Turingiya na ƙasar Jamus. Tana samar da wani sinadarin furotin wanda idan tsutsa ta ci, yakan narke a cikinta ya manne wa hanjinta ya huda shi. Yana buƙatar irin ruwan cikin tsutsa da irin maƙalar da ke jikin hanjinta, abubuwan da cikin ɗan Adam ba shi da su. Shekaru da dama ana fesa wannan bakteriya a gona a matsayin maganin ƙwari, har masu noman da ba sa yarda da taki da maganin zamani a Turai suna amfani da ita. Abin da masu bincike suka yi shi ne ɗauko ƙwayar gadon da ke ba da umarnin yin furotin ɗin, suka dasa a cikin wake, ya zama waken da kansa ke yin maganin. An yi dashen a Ostireliya, aka fara gwaji a killatacciyar gona a Zariya tun 2009, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku. Shekara goma kafin a fito da shi ga manoma.

Abokiyar gabar ita ce tsutsar nan da masana ke kira Maruka, mai shiga fure da kwanson wake ta cinye daga ciki inda feshi ba ya kai mata sosai. Duk wanda ya noma wake ya san ta, ko bai san sunanta ba. Masu binciken sun ce da sabon irin feshi yana sauka daga sau shida ko takwas zuwa sau biyu. Ka lura, ba su ce babu feshi ba. Furotin ɗin tsutsa yake kamawa, ba ruwansa da ƙwarin da ke tsotse kwanso, ba ruwansa da ƙwaron da ke huda wake a buhu. Wanda ya sayar maka da shi a kan cewa ka huta da feshi har abada, shi ma ƙarya ya yi maka, daidai da mai cewa guba ne.

In dai guba ake nema a cikin wake, ba sai an je ɗakin bincike ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan ragowar maganin ƙwari a jikinsa, irin sinadarin da ke cikin kwalbar da wasu 'yan kasuwa ke yayyafa wa buhu don kada ya yi ƙwari. Wannan waken mu muke cinye shi a ƙosai da alala. Haka mangwaro da ayabar da ake nunarwa da kabaid. Ban ji an yi musu zaman majalisa mai zafin na GMO ba, wataƙila don sunansu ba shi da haruffan Turanci masu ban tsoro.

Sai masu cewa a bar mana irinmu na gado, wanda Allah ya halitta yadda yake. Ina son wannan magana, amma a tsaya a kan sunan masara tukuna. Masara daga "dawar Masar" take, wato kakanninmu sun gan ta baƙuwa ce, suka jingina ta da ƙasar da suke jin daga can ta ɓullo, kamar yadda suka ce gwandar Masar don bambanta ta da gwandar daji. Ita kuwa ko Masar ɗin ba garinsu ba ne. Daga Meziko take, inda kimanin shekara 9,000 da suka wuce mutane suka fara zaɓe daga wata ciyawa mai 'yan ƙwayoyi ƙalilan masu taurin tsiya, suna zaɓe suna shukawa har ta zama goyon da muke gasawa a bakin titi. Rogo, gyaɗa, tumatir, barkono, dankali, duk daga nahiyar Amurka suka zo bayan 1492. Miyar da muke kira ta gargajiya rabinta baƙi ne. Namu na asali su ne irin su gero, dawa, wake, acca da gurjiya, su ma hannun manomi ya daɗe yana sarrafa su. Dankalin Hausa kuwa nasa ya fi ban dariya: a 2015 masu bincike suka gano cewa yana ɗauke da ƙwayoyin gadon wata bakteriya a jikinsa, irin bakteriyar da masana ke amfani da ita wajen dashen nan, ta shige shi da kanta dubban shekaru baya ba tare da izinin wata hukuma ba.

Wannan ba ya nufin zaɓen iri da dashen ƙwayar gado abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, shi ya sa ake da hukuma. Kuma tsoron mutanenmu ba daga sama ya faɗo ba. Wanda ya san abin da ya faru da yara a Kano a gwajin maganin sanƙarau na 1996 ba za ka ce masa ya yarda da likita ko mai bincike don kawai yana sanye da farin kwat ba. Sai dai mun ga kuma abin da jita-jitar hana haihuwa ta jawo a kan rigakafin shan-inna a 2003, kuma ita ce dai aka sake ɗaura wa masara.

Ni abin da nake so in ji ana tambaya a rediyo daban ne. Burkina Faso ta rungumi audugar Bt a 2008, ta watsar da ita a 2016, ba don ta kashe kowa ba, sai don zarenta ya gajarta, darajar audugar ƙasar ta faɗi a kasuwar duniya. A Afirka ta Kudu tsutsar karan masara ta saba da furotin ɗin cikin 'yan shekaru, haka tsutsar auduga a Indiya. Shi ya sa ake cewa a shuka ɗan irin gida a gefen gona don tsutsar da ba ta saba ba ta ci gaba da hayayyafa. Wa zai bi manomi ƙauye-ƙauye ya tabbatar an yi haka, a ƙasar da malamin gona ɗaya ke da ƙauyukan da ba zai iya zagayawa ba? Ƙwayoyin gadon da ke cikin waken da masarar daga kamfanin Monsanto suka fito, wanda Bayer ta saye a 2018, an ba da su ba tare da kuɗin mallaka ba a wannan shiri. To, na gaba fa? Kuma idan kowa ya koma iri ɗaya, wa ke ajiye farin waken nan mai yaɗo da ake nomawa don harawa?

Ana kuma ta cewa a manna alama a jikin kayan GMO don mai saye ya zaɓa. Daidai ne a kanti. Amma wake a nan da tiya ake auna shi, daga buhun da aka haɗa na manoma biyar, ya bi mota zuwa Legas ko ya tsallaka Maraɗi. Ghana ma ta fito da nata waken Bt, Songotra-T, daga cibiyar bincike da ke kusa da Tamale, ga shi iyakokinmu ba sa tambayar buhu takardar haihuwa. Da na yi wa Baffa duk wannan bayani, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce shi dai tambayarsa ɗaya ce: ledar irin nawa take bana?