Zuwa Maldives da fasfon Najeriya ko na Nijar: tambayoyi da amsoshi kan biza da sharuɗɗan shiga

Maldives tarin tsibirai ce kusan 1,190 a Tekun Indiya, kudu maso yammacin Indiya da Sri Lanka, kuma waɗanda 'yan ƙasa ke zaune a kansu ba su kai 200 ba. Hotunan ɗakunan da aka kafa bisa ruwa sun sa ta shiga bakin angwaye da amare da masu neman hutu daga wajenmu. Tana cikin ƙasashe ƙalilan da mai koren fasfo zai nufa ba tare da ya yi layi a ofishin jakadanci ba. Sai dai wannan sauƙin ne ke sa wasu sakaci har a mayar da su daga filin jirgi.

Da gaske ne ba a neman biza kafin a tafi?

Gaskiya ne, ga wanda zai je yawon buɗe ido. Ana buga wa baƙo bizar kwana 30 a filin jirgi lokacin da ya sauka, kuma kyauta ce. Ɗan Najeriya da ɗan Nijar da ɗan Gana, haka na Kamaru da Chadi da Sudan, duk hukuncinsu ɗaya. Fasfon Isra'ila ne aka hana shiga da shi tun watan Afrilun 2025.

Saboda haka duk ejan ɗin da ya ce ka kawo kuɗi ya nemo maka bizar yawon buɗe ido ta Maldives, abin da babu shi yake sayar maka. Zai iya karɓar ladan yankar tikiti ko kama ɗaki, wannan aikinsa ne. Biza kuwa jami'in shige da fice ne kaɗai ke bayar da ita, kana tsaye a gabansa.

To me zan riƙe a hannu?

Fasfo mai layukan nan biyu na ƙasan shafin hoto da na'ura ke karantawa. Dokar Maldives ta ce ya kasance da sauran aƙalla wata ɗaya kafin ya ƙare, amma kada ka dogara da wannan. Kamfanonin jiragen sama da ƙasashen da za ka ratsa sun saba da wata shida, kuma ma'aikacin da ke awon kaya a Abuja ba zai tsaya yin muhawarar doka da kai ba ana kiran fasinjoji. Idan fasfonka ya kusa ƙarewa, sabunta shi tukuna.

Sai tikitin dawowa, ko na wucewa wata ƙasa da kake da izinin shigarta. Sai takardar da ke nuna ka kama ɗaki ka biya a otal ko masaukin da ke da rajista da gwamnati, na dukkan kwanakin da za ka yi. Sai shaidar cewa kana da abin da za ka ci da kanka. Sai kuma abubuwa biyu da aka fi mantawa da su: fom ɗin IMUGA da katin rigakafin cutar shawara (yellow fever).

Mene ne IMUGA?

Shafin intanet ne na hukumar shige da fice ta Maldives, inda kowane matafiyi ke cike bayaninsa cikin awa 96 kafin tafiya. Za ka ɗora hoton shafin fasfo da hoton fuskarka, ka rubuta lambar jirgi da sunan masauki, a ba ka lambar QR. Ɗauki hotonta a waya, ka kuma buga ta a takarda, don waya kan mutu a lokacin da aka fi bukatarta. Kowa da nasa fom, har yara.

Ba a biyan ko kwabo. Akwai shafukan bogi da ke kwaikwayon na gwamnati su nemi dala. Da ka ga an buɗe maka wurin sa lambar katin banki, ka san ka ɓata hanya.

Katin rigakafin shawara dole ne?

A gare mu dole ne. Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Chadi da Sudan duk suna cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce akwai haɗarin cutar shawara, kuma Maldives na neman shaidar rigakafi daga wanda ya fito daga irin waɗannan ƙasashe. Dalilinsu a bayyane yake: sauron da ke yaɗa shawara shi ne mai yaɗa zazzaɓin dengue, kuma akwai shi a tsibiran. Mutum ɗaya mai ɗauke da cutar ya isa ya jawo wa ƙaramar ƙasa bala'i.

Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Wanda ya je aka yi masa ranar Litinin alhali jirginsa ranar Alhamis ne, katin da ke hannunsa bai da amfani a wannan tafiyar. Amma tun watan Yulin 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, ba sai an sabunta duk shekara 10 kamar da ba. Wanda ya taɓa yi don aikin Hajji ko Umara ya lalubo nasa a akwati.

A Najeriya sashen kula da lafiya na tashoshin shiga ƙasa, ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, shi ke bayar da katin, mai lambar da ake iya tantancewa ta na'ura. Masu sayar da kati a bakin filin jirgi ba tare da allura ba suna cutar ka sau biyu: ga takardar da za a iya ganewa jabu ce, ga jikinka babu kariya.

Idan na cika duk wannan, shi ke nan na shiga?

Galibi haka ne, amma jami'i na da ikon ƙin buga biza idan bai gamsu ba. A babban filin jirgin Velana, da ke tsibirin Hulhule kusa da Male babban birnin ƙasar, za ka miƙa fasfo, jami'in ya duba kwamfuta ya dube ka. Tambayoyinsa gajeru ne: ina za ka sauka, kwana nawa, yaushe za ka koma. Mai amsa nan take, takardarsa a hannu, minti kaɗan ya wuce. Wanda ya fara lalube a waya yana neman sunan otal ɗin da ejan ya tura masa, ko wanda tikitinsa ya nuna kwana 28 amma ɗakin da ya biya na kwana biyu ne, shi ake cewa ya koma gefe ya zauna. Daga nan ana iya kiran masaukin a tabbatar.

Nan ne dabarar kama ɗaki na ƙarya, a soke bayan an buga takarda, ke kai mutum ta baro. Idan masaukin ya ce ba shi da sunanka, jirgin da ya kawo ka shi zai mayar da kai. Kuma abin ba a kanka kaɗai yake tsayawa ba. A 2023 Seychelles, wadda ita ma tsibirai ce a wannan teku, ta tsaurara wa masu fasfon Najeriya shiga. Ƙofar da aka bar mana a buɗe ana iya rufe ta idan aka yawaita wasa da ita.

Ta ina ake bi, kuma sai da bizar ƙasar da zan yada zango?

Babu jirgin da ke tashi kai-tsaye daga Afirka ta Yamma zuwa Male. Hanyoyin da aka fi bi su ne Doha da Qatar Airways, Dubai da Emirates, ko Istanbul da Turkish Airlines. Idan tikiti ɗaya ne tun daga gida har Male, kayanka za su wuce da kansu, kai kuma ka zauna a zauren masu sauya jirgi ba tare da biza ba. Matsalar na zuwa ne idan aka yanki tikiti biyu daban don neman rahusa: sai ka fita ka karɓi kaya ka sake awo, fitar nan kuwa shiga ƙasa ce, tana bukatar biza. Tambayi mai yankar tikitin wannan a fili kafin ka biya.

Zan iya shiga da wannan biza in nemi aiki a otal?

A'a. Bizar yawon buɗe ido ba ta halatta aiki ko kasuwanci ba. Wanda zai yi aiki a Maldives, kamfanin da ya ɗauke shi ne ke nema masa izini tun yana gida, da wannan izinin zai hau jirgi. Masu zuwa harkar kasuwanci ma suna da bizarsu daban, wadda wani kamfani na can ke tsaya musu.

Wannan ce tambayar da ta fi damuna, domin a nan ake cin dukiyar matasa. Ana ce wa yaro ya sayar da babur ko gonar gado, ya shiga da bizar kyauta, wai idan ya isa akwai wanda zai sama masa aiki. Ƙasar ƙarama ce, Male na cikin biranen da suka fi cunkoso a duniya, haya da abinci da tsada, kuma tsibiri ba shi da iyakar da za a sulale ta daji. Kwana 30 na cika ya zama mai laifi: tara, tsarewa, kora, da hana dawowa. Duk wanda ya yi maka alkawarin aiki, ce masa ya nuna maka izinin aiki mai sunanka da lambar fasfonka.

Haka wa'azi. Kasancewar ƙasar ta Musulmi ba ta ba baƙo damar tashi ya yi wa'azi a masallaci ba, sai da izinin ma'aikatar harkokin addinin Musulunci.

Idan kwana 30 bai ishe ni ba fa?

Ana iya neman ƙari a hukumar shige da fice kafin bizar ta ƙare, a biya kuɗi, jimillar zaman kada ta wuce kwana 90. Masaukinka ne zai taimaka da takardun.

Me aka hana shiga da shi?

Giya, naman alade, gumakan bauta, hotunan batsa, da littattafan da suka saɓa wa Musulunci. Miyagun ƙwayoyi hukuncinsu na kaiwa ɗaurin rai da rai, har ma da kisa, don haka kada ka karɓi saƙon kowa ka sa a jakarka, ko da ɗan unguwarku ne. Mai shan magani mai ƙarfi, irin masu kashe zafin ciwo, ya taho da takardar likita, maganin kuma a cikin kwalinsa.

Akwai sababbin dokoki biyu kan taba. Tun ƙarshen 2024 an haramta shiga da sigarin lantarki da shan sa. Daga 1 ga Nuwamban 2025 kuma duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 2007 zuwa yau ba shi da izinin saye ko shan taba, kuma dokar ta haɗa da baƙi.

Tunda ƙasar Musulmi ce, ko'ina na sauka daidai ne?

Maldives iri biyu ce. Akwai tsibiran shaƙatawa, inda otal ɗaya ke riƙe da tsibiri sukutum. Na farkonsu, Kurumba, an buɗe shi a 1972. A waɗannan ana sayar da giya da lasisi, shigar bakin ruwa kuma irin ta Turawa ce. Akwai kuma tsibiran da 'yan ƙasa ke zaune, kamar Maafushi da Hulhumale, waɗanda aka ba izinin buɗe gidajen saukar baƙi tun 2009. A can babu giya, abinci halal ne, za ka ji kiran salla sau biyar, farashi kuma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Magidancin da zai tafi da iyali, a ganina nan ya fi dacewa da shi. Ga jami'in shige da fice duk ɗaya ne, muddin masaukin na da rajista.

Alaƙarmu da tsibiran nan ta girmi jirgin sama. Kuɗin wuri da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi ta Kano, da yawansa daga tekun Maldives aka tsamo shi. Musulunci ya kafu a can a 1153, kuma matafiyin nan ɗan Maroko, Ibn Battuta, wanda ya yi alƙalanci a Male wajen 1343, ya tarar da mutanen a kan mazhabar Malikiyya, ko da yake yau Shafi'iyya suke bi. Masallacin Juma'a na Hukuru Miskiy, da aka gina da duwatsun murjani a ƙarni na 17, yana nan a tsakiyar Male.

Biza kyauta ce, to ina kuɗin yake tafiya?

A haraji da sufuri. Tun Janairun 2025 harajin muhalli dala 12 ne kowane dare ga mutum ɗaya a tsibiran shaƙatawa, dala 6 a ƙananan masaukai na tsibiran jama'a. Harajin kaya da hidimomi na ɓangaren yawon buɗe ido ya koma kashi 17 cikin 100 a Yulin 2025, ga kashi 10 na ladan hidima. Harajin fita, dala 50 ga baƙo mai kujerar gama-gari, yana cikin kuɗin tikiti. Kuɗin ƙasar rufiya ne, amma dala na karɓuwa kusan ko'ina. Katin naira kan ƙi aiki a waje ko ya zo da iyaka, don haka riƙe dala a hannu. Idan ta wuce 10,000, bayyana wa kwastan tun a filin jirgin Najeriya.

Tambayi masaukin yadda za a kai ka tun kafin ka yanki tikiti. Male da Hulhumale ana zuwa da mota ta gadar Sinamale da aka buɗe a 2018. Tsibiran kusa sai jirgin ruwa mai gudu, na nesa kuwa sai ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, wanda da rana kawai yake tashi, kuɗinsa kuma kan kai ɗaruruwan dala. Wanda ya sauka bayan la'asar sakaliya zai iya kwana a Hulhumale, kuma wannan daren ma ya kamata ya kasance cikin takardar ɗakin da zai nuna. Ranar Juma'a yawancin jiragen ruwa na haya masu araha ba sa aiki, don hutun mako a can Juma'a da Asabar ne.